Alamar Motsin Rai Ta Cinye Hotunan Biki

"...lafiya lau, sai dai ganinka da farar safiya ya ɓata min ciniki," in ji mai hoto, ba ta ko ɗago kai daga kwamfuta ba.

Ɗan goggonta ne ya leƙo shagon, abokin wasanta tun suna yara. Watansa biyu da fara koyon aikin kwamfuta, amma ya hana kowa sakat sai an kira shi Injiniya.

"Baiwata, me kike dannawa haka kamar kaza na tsince-tsince?"

"Baiwar wa? Folda ce ta cika. Ina goge tarkace in bar hotunan bikin jiya. Uwar amarya na nan tafe."

"Ɗaya-ɗaya? Matsa ki ga aikin manya. Ya sunayensu suke?"

"Na bikin duk da b suka fara, biki01, biki02. Sauran gwaji ne da tsofaffin fasfo."

Ya buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, yana ɗaga hanci. "Kin ga rm? Gogewa ke nan. Harafin da na sa cikin baka, shi ne farkon suna. Tauraro kuma, ko me ya biyo baya. In na ƙara alamar motsin rai, ma'ana ta juye: kowa ya tafi ban da b."

Ya rubuta rm [b!]* ya danna da ɗan yatsa ɗaya, har da juya baya.

Ta leƙa foldar. Ga gwaji, ga fasfo, kowa na zaune daram. Biki ko ɗaya babu.

"Innalillahi! Ƙaton kai, ina amaryata?"

"Wace amar... Kai! Kai! Kai!"

"Kai ɗin me? Ina ango? Ina 'yan rawa?"

Ya ƙura wa layin ido, gumi na tsattsafo masa. "Wayyo. Alamar a gaba ake sa ta, daf da buɗe baka, [!b]. A nan ne take nufin ban da. In ta koma baya ta zama harafi kamar kowa. Cewa na yi a goge duk mai farawa da b ko da alamar."

"Wato ka kori masu biki ka bar 'yan kallo! Duba kwandon sharar kwamfutar."

"Wannan umarnin ba ya bi ta kwando."

Ta dafe ƙirji ta zauna a kan kujerar ɗaukar fasfo. "Goggo ta haifo mana annoba. Katin kamarar ma ɗazu na wanke shi tas, na goge komai!"

"Kin wanke? Ke wace irin mai hoto ce?"

"Au, ni ce ma mai laifin? Wallahi in matar nan ta shigo, kai zan ɗaura wa ɗankwali in zaunar kusa da angon a sake ɗauka."

"Da wannan gemun?"

"Zan ce amarya ce ta kwana ba ta yi kwalliya ba."

Ya fizgi kamarar, ya buɗe murfin gefe. "Tsaya, ba ramin kati biyu gare ta ba? Wannan ƙaramin katin fa?"

Ta warce katin ta zura a kwamfuta. Sai ga amarya ta bayyana tana murmushi, biki01 har zuwa ƙarshe.

"Alhamdulillahi! Kin ga na cece ki."

"Ka cece ni? Cire hannunka daga kayana!"

"Bari dai in gyara. Wannan karon da ls zan fara, shi nunawa kawai yake yi, ba ya gogewa." Ya rubuta ls [!b]*, gwaji da fasfo suka jeru, babu biki a ciki.

"To da can me ya hana ka?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya zaro filashinsa sabo fil ya ajiye mata. "Riƙe, ki riƙa ajiye kwafi. Na sallama, yau ni ne bawan."

"To bawa, ɗauki tsintsiya. Ka share ko'ina ban da wajen kwamfuta, kuma ban da ɗin a gaba na sa shi."