Ranar da Na Kai Rijiyoyin Ɗan Kassari Teku

Wata biyu na yi ina yawo bisa moto a ƙauyukan Ɗan Kassari, ina ɗaukar lambar wurin kowace rijiya da za a gyara kafin rani. Da safen ranar da za a nuna taswirar rijiyoyin a Dogon Dutsi, ordinatar, wato kwamfuta, ta tambaye ni tsarin awo: digiri ko mita? Ko dubawa ban yi ba na danna mita, alhali da digiri na ɗauki lambobin. Abokiyar aikina Rakiya ta ce mu gwada tukuna, na ce, "Haba Rakiya, ni za a koya wa?"

Masu gari da makiyaya sun cika ɗakin taro. Ina haska taswirar a bango, sai ga shuɗi shar. Rijiyoyinmu kaf sun dunƙule a tsakiyar teku, kudu da Gana! Ina ta danne-danne, tekun sai ƙara faɗi yake.

Wani dattijo makiyayi ya miƙe a natse ya ce, "Malam, shanuna fa ba su iya iyo ba."

Dole aka ɗage taron. Har yau in na ratsa tasha sai 'yan kabu-kabu su ɗaga murya: "Sarkin Ruwa, yau babu kifi?"