Hular Alhaji Mamuda

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki ba, ko da yake dalilina daban ne da na sauran jama'a. Mutane suna tuna rantsarwa da jawabai a rediyo. Ni kuwa wata Lahadi nake tunawa, bayan la'asar, a harabar makarantar Islamiyya ta unguwarmu a Agege, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

A lokacin shekarata tara a Legas. Daga ƙasar Zazzau na zo da allona da tawadata, na sauka a gidan Alhaji Mamuda, wani dattijo mai fataucin goro. Shi ya ba ni ɗaki, shi ya karɓa mini aure, abincinmu daga cikin gidansa yake fitowa, kuma duk wanda ya tambaye shi ni wane ne sai ya ce, "Malaminmu ne." Da safe ina koyar da yara, da yamma ina rubuta wa fatake wasiƙu da Ajami. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin mai karatu ya auna abin da na aikata da mudun da ya dace.

To, a shekarar nan kowa ya sami baki. Ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, samarin unguwarmu ma suka kafa tasu, suka ce za su yi wasan kwaikwayo ranar walimar saukar ɗalibai. Wurina suka zo, saboda na taɓa ba su labarin wani tsohon wasa da na sha kallo a Zariya ina saurayi, na wani attajiri mai son yabo wanda ba ya sadaka sai ya tabbatar ana kallonsa. Na ce musu na riƙe wasan a ka. (Wannan gaskiya ne.) Na kuma ce musu na san yadda ake horar da 'yan wasa. (Wannan kuwa Allah Ya yafe mini, domin iyakar sanina shi ne na taɓa riƙe wa masu wasa labule.) Na zauna kwana uku na rubuta shi cikin wani littafi mai baƙin bango, da Ajami, don da shi hannuna ya saba. Samarin duk haihuwar Legas ne, boko suka fi yi, in suka ga rubutuna sai su tsaya suna kallonsa kamar sawun kaji. Saboda haka ni ke karantawa, su kuma su haddace.

Wanda aka ba matsayin attajirin shi ne Isiyaku, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ke ɗaurin huhun goro a shagon Alhaji Mamuda. In ana hira babu kamarsa, Hausa da Yarabanci duk a bakinsa suke. Amma da zarar an ce ya fito a attajiri sai ya sandare, ya buɗe ƙirji ya yi ta ihu kamar kwandastan motar haya ta danfo yana kiran fasinjan Oshodi.

"Isiyaku, mai arziki ba ya ihu," na ce masa. "Shi ake jira. Kai kuwa kamar kai ke farautar mutane."

"To Malam, yaya zan yi? Ni ban taɓa yin kuɗi ba, balle in san yadda ake ji."

Mako biyu muna wannan fama. Ran nan sai Shaiɗan ya zo mini da shawara, ya kuma naɗa mata rawanin hikima. Na miƙe na ce su duba da kyau. Na taka a hankali ina jan ƙafar hagu kaɗan. Na yi gyaran murya sau biyu. Na naɗe hannun riga na dama, na bar na hagu yana reto. Sannan na cire hulata, na leƙa cikinta kamar a can na ajiye amsar, na mayar, na ce da sanyin murya, "To, Allah Ya kai mu."

Sai dariya ta ɓarke. Isiyaku har da riƙe ciki.

"Malam, ai wannan Baba Alhaji ne. Wallahi oga ne sak."

"Ni ban ambaci sunan kowa ba," na ce, fuskata a ɗaure.

(Ka ji malami. Na karanta babin giba, na karantar da shi, na kuma san cewa kwaikwayon tafiyar mutum a bayan idonsa yana ciki. Amma a ranar sai na ba kaina fatawa cewa in babu suna babu zunubi.)

Abin takaici shi ne dabarar ta yi aiki. Isiyaku ya shekara goma yana kallon dattijon nan kullum, don haka abin da na nuna masa da cokali sai ya ɗebo shi da ludayi. Attajirin ya tashi daga takarda ya zama mutum mai numfashi. Ni kuma, don kada in manta inda kowane motsi zai shiga, sai na riƙa rubutawa a gefen shafi da jar tawada. A nan ne fa na ambaci suna, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na san babu mai karantawa, sai na saki hannu. Hankalina kuma a kwance yake, domin Alhaji ba ya zama kallon wasa. In an yi walima, addu'a kawai yake jira a shafa ya tafi.

Isiyaku ya fi ni hangen nesa. Ana saura kwana uku ya same ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, in Baba ya ji fa? Ka san nan nake cin abinci."

"Babu abin da zai faru," na ce. "In ma ya faru, ni ne a gaba."

Ranar walima aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika da janareta. Babban baƙo shi ne sabon kansilan da aka zaɓa, an tanadar masa kujera mai hannu an lulluɓe ta da darduma. Aka yi ta jira har inuwa ta juya, sai ga saƙo cewa taro ya riƙe shi. Bashir, shugaban samarin kuma mai gabatarwa, ya ga ba ta yiwuwa a bar kujerar haka wayam a gaban jama'a. Sai ya bi Alhaji Mamuda har bakin ƙofa, ya durƙusa ya roƙe shi ya dawo ya rufa musu asiri. Duk wannan ban sani ba, ina bayan labule (zannuwan gado biyu ne aka haɗa da allura) ina gyara wa Isiyaku babbar rigar aro. Sai da na leƙa ta wata 'yar kafa na ga maigidana zaune a sahun gaba, tsakaninsa da inda za a yi wasan bai fi taku uku ba.

Isiyaku ma ya leƙa. Ya juyo idonsa a waje.

"Malam, mu cire abubuwan nan mana. In yi ihuna na da."

A nan Allah Ya buɗe mini ƙofar fita, na gan ta kuwa. Amma na dubi jama'ar da ta taru, na tuna wahalar wata guda, na kuma hango yadda za a riƙa cewa Malam ya iya. (Wasan son yabo nake shiryawa, ban lura cewa ni ya kamata a ba matsayin ba.)

"Ka dai rage kaɗan," na ce.

Wanda ya san sana'ar ya san ba a ce wa ɗan wasa ya rage abin da jikinsa ya riga ya haddace. Isiyaku na fita ƙafar hagu ta ja kanta. Aka fara ƙus-ƙus. Da ya yi gyaran murya na biyu sai mata daga baya suka kasa riƙewa. Shi Alhaji da farko yana dariya tare da kowa, har yana kaɗa kai. Sai aka zo wurin da maƙwabci ke zuwa neman taimakon gyaran rijiya. Hannun Isiyaku ya nufi hula. A daidai lokacin Alhaji ya lura mutane sun daina kallon wasa shi suke kallo, sai ya yi abin da ya saba yi in abu ya ɗaure masa kai: ya cire hularsa ya leƙa ciki.

Hula biyu a hannu, kai biyu a sunkuye, fuska da fuska. Dariyar da aka yi na tabbata an ji ta har titin jirgin ƙasa. Alhaji ya ɗago, ya ga Isiyaku, ya dubi hular da ke hannunsa. Ya mayar da ita a hankali. Bai sake dariya ba har aka gama.

Bayan tafi ya lafa, Bashir ya gayyaci babban baƙo ya yi jawabi. Alhaji bai tashi ba, cewa ya yi a kira masa ni. Na fito da littafina a hammata na durƙusa, Bashir kuma ya tsaya a tsakaninmu riƙe da makirufo.

"Malam, wasa ya yi kyau," in ji Alhaji. "Wa ya koya wa Isiyaku tafiyar nan?"

Shekaru sun wuce, amma har yanzu in na zo nan sai alƙalamina ya yi nauyi. Ga abin da na ce, kuma lasifika ta kai shi ko'ina:

"Baba, ka san haihuwar Legas da kwaikwayo. Ni abin da ke cikin littafi kawai na ba shi. Sauran shi ya ƙaro."

Isiyaku yana tsaye jikin labule cikin rigar aro. Ya dube ni.

Shi kuwa Bashir, bawan Allah, so yake ya gyara zance ya kuma ɗaga darajata. Kafin in ankara ya zare littafin daga hammatata ya miƙa.

"Ga ma littafin, Baba. Kaf ɗinsa da Ajami Malam ya rubuta, rubutun iyaye da kakanni. Mu ko layi ɗaya ba ma iya fitarwa."

Sai a lokacin na tuna abin da na sani shekara tara. Alhaji yana karanta Ajami tun kafin a haife ni. Rawar hannu ce kawai ta sa ni ke rubuta masa, kuma babu wasiƙar da ke shiga ambulan bai bi ta layi-layi ba.

Ya ciro tabarau ya sa. Ya tsallake baƙin rubutu ya nufi ja, ya karanta irin karatun dattawa, ba gaggawa.

"Nan sai ya cire hula ya leƙa, kamar yadda Alhaji Mamuda yake yi in an zo neman abu wurinsa." Ya juya shafi. "Nan gyaran murya biyu irin na Alhaji. Isiyaku yana jin tsoro, a ƙara masa ƙarfin gwiwa."

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Ƙarar janareta kaɗai ake ji. Alhaji ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu.

"Hannunka yana da kyau, Malam. Ko'ina ana gane shi."

Kwana tara na yi ina salla a wani masallaci can hayin titin jirgi, inda ba a san ni ba. In fita tun asuba, in dawo ina bin jikin bango. Abin da ya fi kashe ni shi ne kwanon abinci bai daina fitowa daga cikin gida ba, har da nama. Maiɗakina takan ajiye shi a gabana ta ce, "Tuwon dai bai yi maka laifi ba, ka ci." Ran nan kuma ta tambaye ni ko ta fara ɗaure kaya.

A rana ta tara Alhaji ya aiko in same shi a shago bayan la'asar. Na tarar da wurin cike, ma'aikata da fatake da matan Yarabawa masu kawo goro. Na durƙusa na buɗe jawabin da na kwana biyu ina shiryawa, da ayoyi da hadisai. Ya ɗaga hannu.

"Malam, ajiye ayoyin, na san su. Hulata ce, kaina ne, kuma ina leƙawa. Ni ba ka yi mini ƙarya ba. Ya yi mini ciwo, amma na yafe, ɗakinka kuma naka ne. Ga dai wanda ka yi wa ƙarya a gaban mutane. Nasa ba ni da ikon yafewa."

Isiyaku yana zaune cikin ganye da kwanduna, hannunsa duk jan goro. Ni ke koyar da 'ya'yansa. Na ja gwiwa na juya wajensa.

"Isiyaku, na ce maka ni ne a gaba, da abu ya zo na koma baya na tura ka. Ka yafe mini don Allah."

"Na yafe, Malam, amma da sharaɗi." Ya dubi Alhaji. "Baba, a ba ni izini? A gaban mutane aka yi, a gaban mutane za a rama."

Alhaji ya gyaɗa kai.

Isiyaku ya miƙe ya goge hannu a wando. Ya maida hannuwa baya, ya miƙo wuya gaba kamar zalɓe a bakin tafki, ya ja hanci sau ɗaya, ya ce, "Wato, jama'a, wato abin da nake so ku gane, wato." Ya lashi yatsa ya buɗe shafin littafin da babu shi. Ya nuna yadda nake cewa "Ai na ƙoshi" idona yana kan kwano. Ya nuna yadda nake gyangyaɗi yara suna karatu, in farka in ce a maimaita don ban gamsu ba. Wallahi ko ɗaya ban san ina yi ba, amma kowa a shagon ya sani. Matan da ko Hausa ba sa ji sosai suna nuna ni suna tafa hannu. Alhaji ya yi dariya har sai da ya share hawaye da hannun riga. Ni kuma ina durƙushe ina karɓa, don babu inda zan ce an ƙara mini.

Da ya gaji ya miƙo mini hannu ya ɗaga ni.

"Shi ke nan, Malam. Ba na bin ka, ba ka bi na."

Tun daga ranar, in na ga wani da tafiya mai ban dariya sai in sunkuyar da kai, domin na gane ni ma ana kallona, kuma masu kallon sun fi ni iya wasa. "Wato" ɗin nan kuwa na yi iya ƙoƙarina, har yau ta ƙi barina.