Ranar Da Na Tambayi Ko An Yi Mini Salla

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, zamanin da nake koyarwa a Mamudo, ina kuma zaune a Dogo Tebo. A shekarar ne na sayi motata ta farko, ƙaramar kunkuru shuɗiya. Fijo nake so, amma albashin malamin makaranta a wancan lokacin kunkuru kawai ya iya ɗauka.

Surukina Baba Modu, tsohon direban tirelar shanu, ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa. "Malam, in kana saman tirela, wannan ba a ganinta. Sai an taka ake jin ƙara."

Na yi dariya (ta dole).

Ranar kasuwar shanu ce, hanya cike da manyan motoci. Ina dawowa bayan la'asar, wata tirela ta taho a hannuna. Na ji oda, na runtse ido, motata ta yi rawa kamar gwangwani. Da na buɗe ido, hanya fayau. Har kunnena ya daina jin ƙarar injin.

Kaɗan gaba na ga wata shuɗiyar kunkuru a gefen titi, an murƙushe ta, rufin ya haɗu da kujeru. Kusa da ita an rufe mutum da tabarma, ƙafafunsa a waje, da takalmi irin nawa. Mutane na tsaye, amma ko ɗaya bai waiwayo ya dube ni ba.

Ban san yadda na iso gida ba. A ƙofar gidana na tarar an shimfiɗa tabarmi, maza zaune, kawuna a sunkuye. Daga ciki ina jin kukan matata. Na yi sallama. Babu wanda ya amsa. Suka ɗago suna kallona, baki buɗe, wani ma ya fara ja da baya yana karanta ayatul kursiyyu.

Nan na tabbatar. Ni ne a ƙarƙashin tabarmar.

Na durƙusa gaban liman da ke zaune cikinsu, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, na ce cikin kuka, "Malam, don Allah, an yi mini salla?"

Baba Modu ya taso a hankali, ya kama kunnena, ya murɗa da ƙarfin direba. Na kurma ihun da aka ji har layin baya.

"Yana da rai," in ji shi. "Ku ba shi ruwa. Ku kawo masa wani wandon kuma."

Ashe wani ɗan tirela ne ya ga shuɗiyar motar, ya garzayo gidana da labarin cewa ni ne na mutu. Mamacin baƙo ne daga wajen Nangere, Allah ya ji ƙansa. Washegari na je jana'izarsa, na tsaya a sahun baya.

Ɗalibaina kuwa har na bar makarantar "Malam Marigayi" suke kirana a ɓoye.

Babbar mota dai ban samu kuɗinta ba sai da furfura ta fito. Abin da na koya shi ne, in jama'a suka ƙi amsa maka sallama, ka fara mintsinin kanka tukuna kafin ka je wurin liman.