Yadda Kallamu Ya Kwashe Gonar Yayansa

Mu uku muka rage a gidan tun da maigidana ya rasu: ni, da Inna mahaifiyarsa, da ƙaninsa Kallamu. Kallamu ba mahaukaci ba ne, ko ƙuda ba ya cuta. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Marigayi ya bar mana shagon wasan gem a zaure, ya kuma bar gona, amma a cikin gem take. Shekaru ya yi yana gyara ta, mangwaro nan, gwaba can, da ɗan manomi mai yawo a ciki. A da faifai ake saya sau ɗaya ya zama naka kamar tabarma. Yanzu kamfanin gem ɗin ya mayar da abin haya, in wata ya ƙare ba ka biya ba sai su rufe maka ƙofa. Ranar sadakar bakwai Kallamu ya rantse gonar Yaya ba za ta mutu ba.

Wata rana rubutu ya fito a talabijin. Kallamu ba ya jin Turanci, sai ya kira Barmo mai faci, wanda shi ma yake da tasa gonar a ciki. Barmo ya karanta ya ce, "Kai dai ka gane, gem ɗin yanzu akuya ce. Duk wata sai ka ciyar da ita." Kallamu ya ce to. Ya shigo gida ya ɗebi dusa, ya jiƙa da ɗan kanwa, ya ɗura ta ramin da ake sa faifai. Da na'urar ta fara ƙugi ya leƙo yana murna. "Matar Yaya, tana tuƙa!" Mai gyara da ya buɗe ta ya tarar da tururuwa sun riga shi, ya tambaya ko a turke muke ɗaure ta.

Wata rana kuma aka sanar cewa sabbin kaya sun fito, duk mai son manominsa ya yi kyau ya saya masa. Kallamu ya dubi manomin Yaya da tsohuwar taguwa, abin ya taɓa masa zuciya. Ya tafi wurin tela aka ɗinka masa 'yar babbar riga mai tsawon ɗan yatsa, har da aiki a wuya. Ya liƙa ta a gilashin talabijin da ƙaro, daidai jikin manomin. Manomin ya taka ya fice daga ƙarƙashinta ya tafi ban ruwa. Kallamu ya ɓamɓare ya bi shi, ya sake liƙawa, ya sake ficewa. Har la'asar suna wannan tsere. Na ce, "Angona, me ya yi zafi?" Ya ce, "Halin Yaya ya ɗauko. Shi ma bai son sabon kaya."

Wata rana Barmo ya karanta masa cewa wanda ya kawo aboki yana da kyauta. Kallamu ya je bakin kasuwa ya riƙo hannun Baba Nomau, tsohon da ko rediyo ba ya kunnawa, ya zaunar da shi gaban talabijin. "Ga shi na kawo." Suka zauna suna jira. Baba Nomau ya cinye ɗanwaken rana, ya yi barci, ya tashi ya tambayi na dare. Da zai tafi ya ce gobe ma a zo a ɗauke shi, shi dai ya ga kyauta.

Sai wata rana Barmo ya karanta rubutu bai yi dariya ba. Kamfanin ya ce masu biya sun yi kaɗan, za a rufe wasan gonar gaba ɗaya a buɗe wani sabo.

Kallamu ya ce, "Gonar Yaya fa?"

Barmo, da takaicin abin da ya zuba a tasa, ya ce, "Sai ka kwashe ta ka kai gida, tun da ta ubanka ce."

Kallamu ya ɗauki fartanya. Ya leƙa talabijin, ya ruga kangon bayan gida ya haƙa rami, ya dawo ya sake leƙawa. Ya samo dashen mangwaro ya sa inda Yaya ya sa nasa, gwaba a gabas, layin zogale a jikin katanga. Samarin unguwa suna hawa katanga suna tambayarsa yaushe zai kwaso manomin. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Aka rufe wasan. Gonar Barmo ta tafi, ta kowa ta tafi, ko ganye ba a bar musu ba. Da yamma Kallamu ya riƙo hannun Inna ya kai ta bayan gida. Kusa da ɗan mangwaron da bai kai gwiwa ba ya kafa benci.

Inna ta ce, "Wannan fa? Ina inuwar?"

Ya ce, "Haka yake a ta Yaya. Ya ce min wurin zamanki ne."

Inna ba ta taɓa sanin akwai bencin a gem ɗin ba. Ta zauna a kai cikin rana, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe ba ta tashi ba.

Kallamu ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Matar Yaya, wata ya kusa ƙarewa. Wa zan biya kada a rufe wannan?"

Na ce, "Mangwaron za ka biya." Sai na ga ya sa hannu a aljihu yana neman inda zai tona ya binne kuɗi. Na yi maza na ce, "Da ruwa, Kallamu! Da ruwa!"

Bana gwabar ta fara 'ya'ya. Barmo ne ya fara zuwa roƙo.