Ranar Da Aka Zo Dubiyar Kwikwiyo

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da malaman makarantarmu suka zo mini dubiya, alhali mai jikin ba mutum ba ne.

A lokacin ban cika shekara da kammala digirina a fannin Hausa ba, ina koyarwa a wata sakandare a Gwarzo. Na ɗauki kaina da girma ƙwarai (har yau ban gama warkewa ba). Ba na dariya a ɗakin malamai, ba na cin gyaɗa a kan hanya, kuma burina ɗaya ne: a ce wannan malamin kamili ne, maganarsa ba ta tashi.

Maƙwabcina a gidan haya, Malam Bitrus, mutumin Filato mai koyar da lissafi, yana da ɗan kwikwiyo. Da matarsa ta haihu a garinsu, sai ya bar mini amanarsa ta mako biyu. Ni da na tashi a Garo, a gidan da kare bai taɓa wuce zaure ba, na karɓa don kara.

A rana ta uku na ci gasasshiyar masara, na jefar da totuwar a tsakar gida. Washegari kwikwiyon ya ƙi abinci, sai amai, cikinsa ya kumbura, ya kwanta yana bina da ido. Na ruɗe. Na ba shi ruwan kanwa (da shi Inna ke maganin duk ciwon ciki a gidanmu), ya mayar. Na kira Malam Bitrus, ya roƙe ni in kai shi wurin likitan dabbobi. Na sa shi a kwali, na rufe da buhu don kada ɗalibai su gani.

Likitan ya latsa cikin, ya ce wani abu ne ya toshe hanji, idan ba a buɗe a ranar ba, da wuya ya kai gobe. Ban san ana yi wa kare tiyata ba, sai da na maimaita tambayar sau biyu. Da aka gama, ya fito da guntun totuwa a faranti, ya tambaye ni ko na gane ta. Na gane ta.

Sannan ya jero dokoki. A ajiye shi a ɗaki mai tsabta, a riƙa ba shi abinci mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan bayan kowace awa uku. Ya yanke gindin ƙaramin bokitin roba, ya zura masa a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Malam Bitrus kuwa ya tafi da makullinsa, saboda haka ɗakina ya zama asibiti, ni kuma na koma baranda da sallayata.

Jinya irin wannan sai da izini. Na je wurin shugaban makaranta, Alhaji Sani, da jimla shiryayyiya, amma da na ga hularsa da tabaransa, kalmar kare ta ƙi fita. Na ce, “Ranka ya daɗe, akwai wani yaro a gidanmu da aka yi wa aikin hanji, amana aka bar mini shi, kuma ni kaɗai ne mai jinya.” Ya jajanta, ya sa na rubuta takardar izini, ya ba ni kwana uku. Na fito ina yaba wa kaina da iya zance.

Ranar Laraba bayan la'asar na ji sallama. Alhaji Sani ne, da Malam Habu mai koyar da addini, da Malama Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, riƙe da kwanon farfesun kaza. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ja gaisuwa iya ƙarfina. Na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi damina, har gonar Malam Habu ta Kutama sai da na gaisar. Gaisuwa dai tana da ƙarshe.

Alhaji ya tambayi mai jiki, na ce barci yake yi. Malama Rifkatu ta tambayi shekarunsa, ni kuma (a nan gaskiya ta suɓuce mini) na ce watansa uku. Ta dafe ƙirji, ta dubi farfesunta, ta ce ina uwarsa, wa ke ba shi nono? Na ce kunu nake ba shi da cokali. Alhaji ya cire tabarau ya tambayi abin da ya toshe hanjin. Na ce totuwa. Suka dubi juna.

Alhaji ya ce, “Ɗan wata uku, Malam? Da wane haƙorin?”

Kafin in sami amsa, Malam Habu ya miƙe, ya ce ba sai an tashe shi ba, daga bakin ƙofa ma addu'a tana isa. Ya tsaya, ya ɗaga hannuwa. Sai muka ji ƙwas, ƙwas, bokiti yana bugun ƙyaure. Ƙamshin kaza ya kai ciki. Ƙofa ta buɗe, mai jikin ya fito yana tangaɗi, kansa cikin bokiti, jikinsa cikin tsohuwar singiletina da na sa masa don ƙudaje.

Hannuwan Malam Habu suka tsaya a sama, bai san ko ya sauke ba ko ya shafa. Malama Rifkatu ta cusa gyale a baki, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na durƙusa na riƙe majinyacin, domin likita ya hana shi nama.

Alhaji Sani ya mayar da tabaransa, ya daɗe yana kallon ɗinkin, sannan ya ce, “Malam, da ka ce kare ne, kwana ukun zan ba ka. Rai ne, kuma amana ce. Amma takardar izinin ta ce yaro, gobe sai ka zo ka gyara ta da hannunka, a gaban malamai.”

Na gyara. Kwikwiyon ya warke, an cire zare kafin mai shi ya dawo. Ni ne na fi shi daɗewa ina jinya, domin har ƙarshen zango babu wanda ya gaishe ni a ɗakin malamai bai ƙara da “ya mai jiki” ba.

Abin da na koya kaɗan ne. A ƙasar Hausa, idan za ka ƙirƙiri mara lafiya, ka fara tanadar wanda za ka kwantar, domin masu dubiya suna tafe.