Ranar Da Na Kwashe Kwamfutocin Gunduma Zuwa Sabon Gida

Ranar Litinin da hantsi, duk wanda ya shigo ofishin lasisi na gundumarmu ya gan ni. Wato ya ga ƙafafuna. Sauran jikina yana ƙarƙashin tebur, tocila a baki, wandona ya yage ta baya, ga layin mutane har bakin titi. Ni ne Wendell, ma'aikacin kwamfuta ɗaya tilo da gunduma ta mallaka, wanda ba a tuna sunansa sai in abu ya lalace.

Ga yadda aka yi. A ɗakin ƙasa muna da wata tsohuwar babbar kwamfuta, saba muke ce mata. A cikinta wasu kwamfutoci suke zaune waɗanda ba su da gangar jiki, kamar 'yan haya a gida ɗaya: ta lasisi, ta aure, ta motocin kwashe ƙanƙara. Tsohuwar ta fara tari, sai shugabanninmu, Masu Girma na bene, Allah ya ƙara musu basira, suka sayo sabuwa. Na nemi a ba ni lokacin gwaji kafin a kwashe 'yan hayar. Mai Girma Shugaba ya dafa kafaɗata ya ce, "Wendell, mai hoto Litinin zai zo. Shi ma gwaji za mu ce ya jira?"

To, ranar Asabar na yi kwasa. Na kunna kowace kwamfuta a sabon gida, fitilu suka kawo kore shar. Na tsaya na yaba wa kaina da baki, tunda babu mai yi min, na wuce gida kallon wasan ƙwallo. Ban gwada ko ɗaya ba in ga ko tana magana da waje. Kore na gani, na amince.

Litinin da safe aka yanka ƙyallen bikin buɗe sabuwar saba. Ku ji fa, ƙyalle, a ɗakin ƙasa, kusa da bokitin goge-goge. Mai Girma ya riƙe almakashi ya ce daga yau babu ɗan gundumar nan da zai sake tsayawa a layi. Bai rufe baki ba Bernadine, akawun lasisi, ta leƙo daga matakala.

"Wendell, babu netwok."

"Akwai," na ce mata da muryar masana.

"To zo ka nuna min inda ka ajiye shi."

Kwamfutocin suna nan da ransu, amma kowace ta kurmance. Ba sa jin kowa, ba mai jin su. Na fara da abin da kowane gwani yake farawa da shi, wato neman wanda zan ɗora wa laifi. Na ce wayar netwok ta ƙarƙashin tebur ce. Na sauya waya, a nan wandon ya yi sallama da ni. Na ce akwatin rarraba layi ne, tsoho ne, Masu Girma sun ƙi sayen sabo don ba ya kyau a hoto. Wannan gaskiya ce, amma akwatin lafiyarsa ƙalau. Na kira kamfanin da ya sayar mana da kayan, suka sa min kiɗa a kunne har na haddace shi, sannan wata murya mai ladabi ta ce matsalata tana da muhimmanci a wurinsu, layi ya yanke.

Ina ƙarƙashin teburin nan wata sanda ta zunguri takalmina.

"Ɗan Gladys, kai ne a nan?"

Inna Loretta ce, maƙwabciyarmu, wadda ta san ni tun ina yawo ba wando, yau kuma ga shi ta sake gani. Kek ɗin tuffa take sayarwa a bajekolin gunduma, a rumfa ɗaya tun mijinta yana raye. Ranar ce ta ƙarshe ta karɓar izini, in ta wuce, rumfar ta wani ce.

"Inna, ana kan gyara."

"A kwance ake gyaran? Na riga na feraye tuffa cike da kicin. In suka yi baƙi, gidanku zan kawo, ka zauna ka cinye a gabana."

"Matsala ce ta fasaha, Inna."

"Uwarka ma haka take cewa a kanka."

Layi ya fashe da dariya, har da wasu masoya biyu da suka zo karɓar takardar aure. Angon ya ce shi bai ƙi a daɗe ba, amaryar ta harare shi.

Masu Girma kuwa ba su zauna haka ba, a yaba musu. Nan take suka kafa kwamitin bincike, kwamitin ya aika a sayo kofi da fanken Turawa, donot. Shugaba da kansa ya sauko ya ja ni ɗakin ƙasa, ya goya hannu a baya, ya zagaya sabar kamar mai tayin doki.

"Ka kashe ta ka kunna?"

"Ranka ya daɗe, ba irin wannan ba ce."

"Gwada. Haka nake yi wa talabijin ɗina."

Na kashe, na kunna. Muka tsaya cirko-cirko tana farkawa a natse. Ta dawo da kurumtarta yadda take. Ya gyaɗa kai ya ce aƙalla an kawar da wannan zato, ya haye bene.

Da na rasa wanda zan zarga, sai na yi abin da ya kamata in yi tun Asabar: na shiga cikin kwamfutar lasisi na tambaye ta adireshinta. Ba ta da shi. Ashe kowace 'yar haya adireshinta a jikin ƙofar tsohon gida yake manne, wato katin netwok na da. A sabon gida an ba ta sabuwar ƙofa wadda ba a rubuta komai a kanta ba, ita kuma tana can tana jiran baƙi ta ƙofar da babu ita. Aikin da ya rage shi ne in rubuta wa kowace adireshinta a sabuwar ƙofa. Kafin kofin kwamiti ya huce na gama.

Injin buga takarda ya yi kukan farko, Bernadine ta ɗaga hannu sama. Inna Loretta ta karɓi izininta, ta karanta shi daga sama har ƙasa, ta ninke cikin jaka.

"Me ya lalace?" ta ce.

"Adireshi na manta, Inna."

"Ka kwashe mutane zuwa sabon gida ba ka gaya wa kowa inda suka koma ba?" Ta dube ni. "Ka kawo wandon in ɗinke maka. Ka bi ta ƙofar baya."

Kwamiti ya fitar da sakamako: an shawo kan lamarin ne bisa shawarar Shugaba ta kashewa da kunnawa. Ban musa ba, don sunana bai fito ba, kuma a wannan karon hakan ya yi min daɗi.

Jiya kuma aka kira ni bene. Ganin irin nasarar da aka samu, Masu Girma sun yanke cewa baɗi za a kwashe komai a mayar cikin gajimare, haka masu sayarwa suke kiran abin, kuma ni zan yi kwasar. Na ce ranku ya daɗe, madalla. Ni da na ɓatar da su tsakanin ɗaki da ɗaki, yanzu sama za a aike ni da su. Mai niyyar aure baɗi, ina ba shi shawara ya zo ya karɓi takardarsa tun bana.