Yatsan Korau a Bakin Tsage

Wani mutum ne a garinmu Tungar Maje, can bakin Kwara ta wajen Yawuri, ana ce masa Korau. Wata bakwai kacal ya yi a Ikko ya dawo, amma yau shekara shida bai gama ba mu labarin wata bakwan nan ba. A teburin mai shayi, teku. A wajen suna, teku. Har a zaman makoki ya taɓa kawo teku, sai da liman ya yi masa gyaran murya.

Wai shi fatsa ya yi a bakin teku. Wai akwai ranar da ya jawo wani kifi, ruwan ya ragu da taku biyu. Wai irin kifin da muke kamawa a nan, a can ko kyanwa ka miƙa wa sai ta yi fushi da kai. In ka ce masa ga gora ga ƙugiya, zo ka nuna mana, sai ya taɓe baki ya ce hannun da ya saba da teku ba ya wasa da ruwan alwala. Kogin Kwara guda fa yake kira ruwan alwala.

Ana nan sai maganar dutse ta taso. Mu masu fatsa a gaɓa kowa da mazauninsa, ba mai hawa na wani. Wanda ya fi kowanne shi ne wani falalen dutse daidai inda rafi ke faɗawa kogi, na Baba Nomau. In ruwa ya fara ja da baya, nan kifaye irin su 'ya'yan giwan ruwa da ƙananan tsage ke taruwa suna farauta. Ko akuya ka ɗaura wa ƙugiya a wutsiya ka zaunar a dutsen nan, ba za ta tashi haka nan ba. To gwiwar Baba Nomau ta gaza, ɗansa ya matsa sai ya koma wurinsa Kontagora. Tsoho ya ce ba zai tafi ya bar dutse ana rigima a kansa ba. Ranar Talata da hantsi duk mai so ya zo ya hau ya gwada a gabansa. Wanda ya ga ya san kifi, dutse nasa ne.

Mutum biyu suka fito. Akwai Jibo, wanda in ka ji ya yi magana uku a yini to tsokanarsa aka yi. Sai Korau. Dabararsa kuwa a fili take. Dutse ne mai kama kifi da kansa, in ya same shi shi ke nan, ƙarya ta zama gaskiya, ya ci gaba da cika mana baki har tsufa.

Ana jibi za a yi, Korau ya tare ni a bayan masallaci yana waige-waige. Ya ce abokina, ka san kowane ruwa da al'adarsa, shi ta teku ya sani, shin me tsohon nan yake dubawa ne? Ni kuwa Allah ya yi ni da son taimako. Na ce masa kamu ba komai ba ne a dutsen nan, abin da Baba ke kallo shi ne riƙo. Gwani ba ya damƙar kifi a ciki kamar mai matsar lemo. Babban yatsa yake zura masa a baki, ya kama leɓen ƙasa, ya ɗaga shi sama, kifi ya yi laƙwas. Na ce in bai yarda ba, gobe ya je gaɓa ya gani da idonsa.

Ya je kuwa. Ya laɓe bayan giginya yana leƙen Jibo. Jibo ya jawo ɗan giwan ruwa, ya zura yatsa, ya ɗaga. Ya jawo wani, haka. Korau ya dawo yana murmushi, ya ce ai a teku ma haka suke yi, sha'afa ya yi.

Ni dai ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Giwan ruwa ba shi da haƙoran kirki, bakinsa kaushi ne kawai. Wanda ban ambata ba shi ne tsage. Tsage ko bai wuce tsawon tafin hannu ba, haƙoransa kamar an jera ƙusoshi sama da ƙasa, suna shiga juna. Zaren roba yake tsinkewa kamar taliya, shi ya sa mai nemansa ke ɗaura guntun waya kafin ƙugiya. Kowa a Tungar Maje da wannan sanin aka yaye shi. Ban ga dalilin da zan koya wa mutumin teku karatun yaye ba.

Ranar Talata gaɓa ta cika. Masu suyar kifi sun bar kasko, mai shayi ya rufe tebur. Can sai ga Korau cikin rigar ruwa rawaya, alhali ko hadari babu, da baƙin tabarau, da takalmin roba na aro da ya yi masa yawa, yana tafiya faca-faca.

Jibo ya fara hawa. Ya kama ɗan giwa uku, na ukun ya duba ya ga ya yi ƙanƙanta ya mayar ruwa, ya sauko. Baba Nomau na zaune a kan turmi da sandarsa yana kallo.

Da aka zo kan Korau sai ya ce kayan aikinsa suna Ikko. Na ce ga nawa, abokina. Na riga na haɗa masa tsaf: guntun waya, da ɗan kifi mai rai a ƙugiya. Na raɗa masa ya jefa can inda ruwa ke gudu yana kumfa, nan manya suke. Baba ya kalli wayar, ya kalle ni. Na ɗaga kai ina duba ko za a yi ruwa.

Jifan farko, ƙugiya ta kama bayan rigarsa. Ya ce iska yake aunawa. Na biyu ya faɗa inda ake so. Ko minti ba a yi ba guntun silifan da na ɗaura a zare don alama ya nutse, tsulum. Korau ya fizga kamar mai tugar rogo. Kifi ya tashi sama, ya wuce ta kansa, ya faɗo kan dutse yana fat-fat-fat. Fari ƙal, da baƙin zane a jiki, da jan bindi.

Gaɓa ta yi tsit, don kowa ya gane ko wane ne. Korau ya ɗauka girmamawa ce. Ya gyara tabarau, ya ce jama'a su matso, yau za su ga riƙon kifi irin na ƙasashen da aka ci gaba.

Inna Kulu mai suya ta ce, "Korau ɗan nan, wannan fa..."

"Inna, ki tsaya a kan kaskonki."

"To," in ji ta, ta harɗe hannu.

Ya durƙusa, ya ɗaga babban yatsa sama kowa ya gani, sannan ya zura.

Ƙaras.

Ban taɓa sanin mutum na iya tsalle daga durƙushe ba sai ranar. Ya yarfa hannu, tsage na nan. Ya yarfa da ƙarfi, tsage ya ƙara ɗaurewa. Tabarau ya yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ɗayan ya zame da shi, sai ga mutumin teku zaune daɓas a ruwa iya cibiya, hannu a sama, kifi na lilo. Masu suya har da riƙe juna don dariya.

Ya rarrafo gaban Baba Nomau yana roƙo a cire masa don Allah don Annabi. Tsoho ya sunkuya ya duba bakin kifin a tsanake, kamar mai duba goro a kasuwa.

"Ɗana, mu nan ba mu taɓa sa yatsa a ciki ba, balle mu san yadda ake cirewa. Ku a teku yaya kuke yi?"

"Baba, ka taimake ni."

"Faɗa mana dai mu ƙaru."

"Baba, garuwa na yi. A Agege. Jarka nake turawa a kura."

"Tekun fa?"

"Sau ɗaya na hango shi. Daga kan gada. A cikin mota."

Sai a lokacin Baba ya yi wa Jibo alama. Jibo ya matse kifin a bayan kai, baki ya buɗe, yatsa ya fito kamar an tauna rake. Inna Kulu ta yage bakin tsohon zane ta ɗaure masa, tana tambayarsa ko yanzu ta koma kan kaskon nata.

Baba Nomau ya dafa sanda ya miƙe, ya ce jama'a su shaida, dutse na Jibo ne daga yau. Sannan ya juya ga Korau, wanda ke tsaye ruwa na ɗiga daga rigar ruwa.

"Kai ma ba ka zo a banza ba, ɗana. Na tsufa ina sa wa kifin nan tana da gara, ban san abin da ya fi so ba sai yau. Jibo, duk ranar da tsage ya ƙi ci, ka aika a kira maka Korau. Yana da saura tara."